Wai ita ta turo shi ko faɗowa ya yi? Finafinan da ake barin mutum a rataye

Abban Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya min a rai game da finafinan dirama da na fargaba da ake fitarwa a silima 'yan shekarun nan, na ce bari in kawo shi nan in ji ra'ayinku. Tun yanzu ina gargaɗi, wanda bai kalli Anatomy of a Fall ba kuma yana da niyyar kalla to ya dakata a nan, don ba yadda za a yi in yi tambayata ban taɓa ƙarshen labarin ba.

Fim ɗin Faransa ne, a 2023 ya fito, wata mata Justine Triet ce darakta, kuma shi ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a shekarar. Labarin dai mata da miji ne da ɗansu ɗaya suna zaune a wani gidan katako can kan duwatsu kusa da Grenoble, ita marubuciya ce Bajamushiya da ta yi suna, shi kuma malamin makaranta ne mai son zama marubuci amma abin ya ƙi ci. Yaron yana da matsalar gani. Ya fita yawo da karensu, ya dawo ya tarar da babansa kwance cikin dusar ƙanƙara jini ya ɓata wurin, ya faɗo daga saman gidan ya mutu. Ba kowa a gidan sai matar. Daga nan sai kotu, kuma kusan duk sauran fim ɗin a kotun aka yi shi, wajen awa biyu da rabi.

Wlh ba bindiga, ba tseren mota, ba wani bos da ake bi, mutane ne kawai a zaune suna magana, amma zuciyata ta fi bugawa a kan yadda take yi a finafinan harbe-harbe. To amma ga inda gizo ke saƙa. Kotu ta wanke matar, ta koma gida, aka kunna fitila a silima, shi ke nan wai an gama. Ba a nuna mana abin da ya faru a saman benen nan ba, ko na daƙiƙa ɗaya. Na fito ban san ko ita ta turo shi ba ko shi ya kashe kansa ko tsautsayi ne.

Tambayata biyu ce. Na farko, wannan salon na barin mai kallo a rataye gwaninta ce ko kuwa marubutan ne suka rasa yadda za su ƙulle labarin sai suka fake da cewa ai fasaha ce? Na biyu, ku da kuka kalla, tsakaninku da Allah, ita ta kashe shi?

Sarkin Kallo:

Wa alaikumus salam Malam Abban Hanifa. Ni fa ba na ɓoye ra'ayina a kan wannan, in ka ɗaura min ƙulli to kai ne za ka kwance min shi, ba wai ka tara ni awa biyu da rabi sannan ka ce in je gida in ƙarasa maka aikinka ba. Fim ɗin fargaba alkawari ne tsakanin darakta da mai kallo, na ba ka lokacina da hankalina, kai kuma ka ba ni amsa.

Kuma ana yi ai, ba wai ba zai yiwu ba. Ka kalli Maharaja na Vijay Sethupathi da ya fito a 2024, fim ɗinsa na 50. Wani mai aski ne ya je ofishin 'yan sanda yana cewa an sace masa kwandon shara na ƙarfe, har suna ya sa wa kwandon, Lakshmi, 'yan sanda suna ta yi masa dariya suna ganin mahaukaci ne, kai ma mai kallo dariya kake. Ashe daraktan yana wasa da kai ne da lokaci, abin da ka ɗauka jiya ya faru ashe shekaru da yawa ne baya, abin da ka ɗauka dare ɗaya ne ashe dare biyu ne mabambanta, kuma in aka zo ƙarshe komai sai ya zauna a mazauninsa, ba zaren da aka bari yana lilo. Mutane a silima suka yi tsit, wasu suka dafe kai. Wannan shi ne marubuci ya yi gumi.

Haka Drishyam. Tun farko ka san abin da ya faru, ka san wa ya yi kisan, ba a ɓoye maka komai ba sai abu ɗaya, inda aka binne gawar, kuma duk da haka ba ka iya tashi. Mutumin da bai yi nisa a makaranta ba, dabarunsa duk daga kallon finafinai ya koye su, ya juya 'yan sanda gaba ɗaya don ya kare iyalinsa. Da aka yi na biyu a 2022 da Ajay Devgn da Akshaye Khanna kowa ya ce ai an gama labari me kuma za a ƙara, sai ga shi sun sake ɗaure mu kuma sun sake kwancewa.

To wannan shi nake kira fim. Na Faransan nan na yarda matar ta iya aiki, ba a magana, amma ƙarshen bai gamsar da ni ba kuma ba zan ce ya gamsar da ni don kawai ya ci kyauta ba.

Ummu Sadiq:

Sarkin Kallo ka yi haƙuri amma ina ganin ka auna fim ɗin da ma'aunin da ba nasa ba. Maharaja da Drishyam duk na kalla kuma ina son su, su wasan ƙwaƙwalwa ne, akwai amsa a aljihun darakta yana jira ne kawai lokacin fito da ita ya yi. Shi wannan kuwa tambayar da yake yi daban ce, yana tambayarka ne wai in aka ɗauki zaman aure na shekaru aka zube shi a gaban mutanen da ba su san ku ba, kowa yana tsintar abin da ya yi masa, wace gaskiya ce za ta fito.

Ku tuna fitowar da aka kunna faifan nan a kotu. Mijin ya naɗi rigimarsu a ɓoye kwana ɗaya kafin ya mutu. Da aka kunna sai fim ɗin ya kai mu cikin ɗakin muna ganinsu, suna cin abinci suna magana, yana cewa ta cinye masa lokaci, shi ke kula da yaron ita tana rubutu, ta ɗauki tunanin littafinsa ta yi nata da shi, har a gida ma yaren da ya fi mata sauƙi ake yi, ita kuma tana cewa ba wanda ya hana shi rubutu, tsoron kasawa ne ya hana shi kuma yake neman wanda zai ɗora wa. Wallahi ina zaune ina jin kowannensu yana da gaskiya, in ya yi magana in ce haka ne, in ta ba shi amsa in ce ai kuma haka ne. To daidai lokacin da abin ya kai ga duka da fashe-fashe sai kamara ta dawo da mu kotu. Sauti kawai muke ji, ƙarar gilashi, ƙarar bugu, nishi. Ba mu ga wa ya bugi wa ba. Wato an mayar da mu daidai da alƙalan, daidai kuma da yaron da ba ya gani sosai, abin da kunne ya ba mu shi kaɗai muke da shi. Wanda ya tsara wannan ba rasa ƙarshe ya yi ba Malam, da gangan ya hana mu.

Kuma mai gabatar da ƙarar nan ya ba ni haushi sosai saboda na san irinsa a rayuwa. Ya ɗauko rigimar dare ɗaya ya ce ga auren nan gaba ɗaya. Ya ɗauko littafin da ta rubuta na ƙagaggen labari yana karantawa a kotu wai ga shaidar abin da ke zuciyarta. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, wace mace ce ko wane namiji ne za a naɗi mafi munin minti goma na aurensu a kunna wa duniya su fito da tsabta?

Ni wanda ya karya min zuciya shi ne yaron, Daniel. Yaro ɗan shekara 11 yana zaune a kotu yana jin abubuwan da bai taɓa sani ba game da iyayensa, har da cewa babansa yana ɗora wa kansa laifin hatsarin da ya lalata masa ido. Har ya kai ga ba karensa ƙwayoyin asfirin don ya gwada ko abin da uwarsa ta faɗa gaskiya ne, cewa baban ya taɓa shan ƙwayoyi ya yi amai. Da ya rasa yadda zai yi sai matar da kotu ta sa ta zauna da shi ta nuna masa cewa in hujja ta ƙare kuma dole sai an yanke, to mutum zaɓa yake yi. Sai ya je ya ba da labarin wata magana da babansa ya yi masa a mota. Ku lura da kyau, a fitowar nan bakin baban ne yake motsi amma muryar yaron ce take fita. Ba a ba mu muryar baban ba sam. To shin tunawa ya yi ko ƙirƙira ya yi don ya ceci uwar da ta rage masa? Nan fa fim ɗin yake gaba ɗaya.

Amsar tambayarka ta biyu Abban Hanifa, ni a zuciyata ba ta kashe shi ba. Amma na san zaɓa na yi kamar yadda yaron ya zaɓa.

Ɗan Autan Mama:

Anti Ummu Sadiq kin gama magana wlh. Ni dai abin da zan ƙara karen nan ne, Messi sunansa na gaskiya, fitowar da ya kwanta idonsa a buɗe harshe a waje kamar ya mutu sai da na rufe fuskata, har kyautar karnuka ta Cannes aka ba shi. Amma ni ina ganin ita ta yi. Yadda ta yi ƙarya a kan tabon hannunta tun farko bai kwanta min ba har yanzu.

Malam Na Gefe:

Barkanku da hira. Ina so in ɗan faɗaɗa maganar, don Abban Hanifa ya taɓo wani abu a tsakiyar rubutunsa da ba wanda ya ɗauka, wato me ya sa fim ɗin da mutane ke zaune suna magana yake tsorata mutum fiye da na harbi.

Conclave ya nuna min wannan ƙarara. Fim ne na 2024, Edward Berger ya yi shi daga littafin Robert Harris, Ralph Fiennes ne jarumin. Fafaroma ya rasu, an tara kadinal-kadinal, wato manyan limaman cocin Katolika, daga ko'ina a duniya an kulle su a Fadar Vatican, an karɓe wayoyinsu, an rufe tagogi, ba mai fita sai sun zaɓi sabo da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. In ba a samu ba a ƙona takardun baƙin hayaƙi ya fita, in an samu fari ya fita. Tsofaffi ne fa, yawancinsu sun haura sittin, abin da suke yi kawai rubuta suna a takarda su ninke su je su saka a tulu. Amma duk lokacin da aka fara karanto sunaye sai ka ji kana ƙirgawa da su. Dalili shi ne an rufe ƙofa, lokaci yana tafiya, kowa yana da abin da yake ɓoyewa, kuma ka san abin da kowa zai rasa in asirinsa ya tonu. In aka haɗa waɗannan ko ba bindiga zuciya za ta buga. Fim ɗin harbi kuwa tun daga tallarsa ka san jarumin ba zai mutu ba, to me za ka ji wa tsoro.

Sannan sautin fim ɗin, ana jin numfashin Fiennes, ana jin takun takalmi a dogon baranda, ana jin ƙarar yaga hatimin ɗakin mamacin lokacin da ya shiga bincike alhali ya san haramun ne a dokarsu. Mutumin kirki yana karya doka don ya kare gaskiya kuma yana tsoron kar a ce mulkin yake so, kuma can ƙasan zuciyarsa shi ma bai tabbata ba ya so ba.

Abu ɗaya ne ya sosa min rai. Kadinal Adeyemi, ɗan Najeriya a labarin, shi ne yake kan gaba a ƙuri'u, saura kaɗan ya zama baƙar fata na farko a kujerar, sai aka kayar da shi da wani tsohon abin kunya na shekara talatin baya. Na san labari ne, na san kuma an nuna cewa wani abokin takararsa ne ya ƙulla masa, kuma Lucian Msamati ya yi aiki mai kyau, fitowar da yake kuka yana roƙon a yi addu'a tare da shi ta taɓa ni. Duk da haka na ji ba daɗi da aka ce mutumin Afirka guda ɗaya da aka ba muhimmanci ta wannan hanyar zai faɗi.

Abin mamaki kuma watanni kaɗan bayan fitowarsa Fafaroma Francis ya rasu a watan Afrilun 2025, aka yi zaɓen na gaske, kadinal 133 suka shiga, a rana ta biyu, 8 ga Mayu, farin hayaƙi ya tashi aka sanar da Leo na 14, Ba'amurke na farko. Wanda ya kalli fim ɗin ya fi kowa gane abin da ake nunawa a labarai a ranakun nan.

Shi wannan Sarkin Kallo zai so shi, don an ba da amsa a ƙarshe, har ma an ba da wadda ba ka tambaya ba. Ba zan faɗe ta ba. Ni dai ina ganin ƙarshen ya zo da gaggawa, an jefo abu mai nauyi saura 'yan mintuna a tashi ba a ba shi wurin numfashi ba.

Sarkin Kallo:

Malam Na Gefe na kalli Conclave kuma eh na so shi, ko ba komai an faɗa min wa ya ci zaɓe. Hajiya Ummu Sadiq bayaninki a kan muryar yaron a mota ya shige ni gaskiya, zan sake kallon wurin. Amma har yanzu ina nan a kan bakata a abu ɗaya, yanzu abin ya zama yayi, duk wanda ya kasa rufe labari sai ya yanke fim ɗin ƙit ya bar allo baƙi a ce masa gwani. A cikin goma da ke yin haka bai fi ɗaya ko biyu ba ne suka cancanta.

Ga kuma tsawo. Killers of the Flower Moon awa uku da minti 26, haba jama'a.

Ummu Sadiq:

A kan yayin nan na yarda da kai ɗari bisa ɗari, akwai masu fakewa da shi. Yadda nake bambancewa shi ne, in an ɓoye min amsa sai in duba, da an nuna min ita fim ɗin zai ƙaru ko zai ragu? A na Triet da an nuna ta tana tura shi, ko an nuna shi yana tsalle, to duk wahalar yaron nan ta tashi a banza, ya zama kawai yaro ne da ya canka daidai ko ya canka kuskure.

Amma Killers of the Flower Moon kar ka taɓa min shi don Allah. Eh yana da tsawo, kuma akwai wurare a tsakiya da za a iya ragewa, ban musa ba. Sai dai labarin gaske ne, 'yan ƙabilar Osage a jihar Oklahoma ta Amurka da aka samu man fetur a ƙasarsu suka yi arziki, a shekarun 1920 aka riƙa auren matansu ana kashe danginsu ɗaya bayan ɗaya don gadon ya gangaro hannun fararen fata. Daraktan fim ɗin, Scorsese, bai ɓoye mana masu laifin ba, tun da wuri mun san su, kamar dai Drishyam ɗinka. Azabar ita ce kana kallon mutum yana rungume matarsa yana ce mata yana sonta, kuma da hannunsa yake zuba mata guba a cikin allurar ciwon sugarta, kullum tana ƙara ramewa tana kuma ƙara yarda da shi. Tsawon nan shi ya sa ka ji nauyin abin a jikinka. A ƙarshe bayan an gama shari'a ta zauna gabansa ta yi masa tambaya ɗaya, me kake ba ni. Dama ta ƙarshe ta ba shi ya faɗi gaskiya. Ya ce maganin suga ne kawai. Lily Gladstone, wadda ta fito a matsayin matar, ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba, kallonsa ta yi ta tashi ta fita. Na daɗe ban ga fitowar da ta yi min ciwo kamar wannan ba.

Injiniya Bash:

Ni ta ɓangaren sauti zan shigo, don shi ne dalilin da ya sa nake cewa irin waɗannan finafinan a silima ya kamata a kalle su, mutane suna ɗauka na faɗa da fashe-fashe ne kawai ke buƙatar babban allo, alhali shirun da ke cikin fim ɗin dirama ba ya fitowa a waya, kana kallo saƙo yana shigowa wani yana kiranka.

Oppenheimer misali, fim ɗin masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya a Amurka. Gwajin bam ɗin nukiliya na farko a hamadar New Mexico, Yulin 1945. Kiɗa yana ta hawa yana hawa ana ƙirga daƙiƙu, kowa a silima ya shirya kunnensa zai ji ƙara, bam ya tashi sai tsit. Haske kawai da numfashin mutane. Kuma haka abin yake a zahiri tunda haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, su kuma suna da nisan kilomitoci daga wurin, sai da aka ɗauki lokaci har ka saki jiki sannan ƙarar ta iso ta daki ƙirjin kowa. Ɗaki cike da mutane ba mai ko tari. Fim ɗin awa uku ne kuma mafi yawansa shi ma zaman tuhuma ne a ɗan ƙaramin ɗaki da zaman majalisa, amma ya tara sama da dala miliyan 900 a duniya ya kuma ci Oscar 7, wato ba gaskiya ba ne a ce mutane ba sa son fim ɗin magana.

The Zone of Interest ya ma fi tsanani. Iyalin kwamandan sansanin Auschwitz ne, inda gwamnatin Hitler ta riƙa kashe mutane, galibi Yahudawa, a Yaƙin Duniya na Biyu, suna rayuwarsu a gida mai lambu da furanni, katanga ɗaya ce tsakaninsu da inda ake hallaka mutane, kamara ba ta taɓa nuna maka kisan ba, sai dai kana jin harbi can nesa, ihu, ƙugin wuta dare da rana, su kuma suna shayar da furanni yara suna wanka. Shi ya ci Oscar na sauti a 2024, ya doke Oppenheimer ɗin ma. Kuma matar gidan Sandra Hüller ce, ita dai wadda kuke ta gardama a kanta ko ta turo mijinta, a shekara ɗaya ta yi su duka biyun.

Abban Hanifa:

Allah ya saka da alheri jama'a, na ƙaru sosai. Injiniya ban kalli The Zone of Interest ba tukuna amma yanzu ya shiga layi, tambaya ɗaya, mutum zai iya kallonsa da dare shi kaɗai ko gara da rana? Ɗan Auta kai kuma maganar tabon hannun nan ka dawo ka yi mana bayani sosai, don ni a ganina wanda bai yi laifi ba ma yana iya yin ƙarya in tsoro ya kama shi, musamman in ya san da an ji sun yi faɗa jiya shi za a fara kamawa.